Damanar da Na Haifi Perzidan

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta taso ta kwashe ledojin unguwa ta liƙa su a ƙaya, sannan komai ya watse a bar mu da zafi. Duwatsun da ke bayan garin Dogon Dutsi sukan sha rana tun safe, da yamma su mayar mana da ita. Ni da keken ɗinkina mun ƙaura ƙarƙashin rumfa, jikin katanga. Bayan katangar kuwa fadar samarin unguwa ce, inda shayi ba ya sauka daga wuta, gardama ma haka.

Ran nan gardamar ta faɗa kan wani babban mutum da ake raɗe-raɗin yana son shugabancin ƙasa duk ranar da aka koma zaɓe.

"Ba shi da iko," in ji wani. "Ba nan anka haife shi ba. Wanda cibiyarshi ke wata ƙasa ba shi mulkinmu."

"Kai da anka haifa cikin motar kasuwa hanyar Kangiwa, wace ƙasa ce taka?"

Aka fashe da dariya. 'Yata tana gefena tana tsince irin wake a faifai. 'Yar fari ce, don haka ba na kama sunanta, kuma ba ni da bukata, domin tun tana zanen goyo kowa Perzidan yake ce mata, wato shugaban ƙasa. Karatun shari'a take yi a jami'ar Yamai, hutun damana ne ya kawo ta gida. Sai ta ajiye faifan, ta kife turmi, ta hau ta leƙa ta kan katanga.

"Ku dai ku sha shayinku," ta ce. "Doka ba ta tambayar inda anka binne cibiya. Ɗan ƙasa na asali take nema. In ubanka ko uwarka 'yan Nijar ne, ko tsakiyar teku anka haife ka, kai ɗan Nijar ne. Magana ta ƙare."

"Ranki shi daɗe! Perzidan ta yanke hukunci!"

Ta sauko tana dariya. Ni kuwa ƙafata ta tsaya a kan keke. Abin da na rayu a kansa shekara ashirin da wani abu, shi ne yarinyar nan ta ture da baki ɗaya, ba ta ma san ta taɓa komai ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Tibiri, kusa da iyaka. Shekara guda kafin in haife ta, fara ta sauko mana hatsi yana gab da nuna. Da hantsi muka ga sama ta yi ja-ja ta arewa, kafin azahar ko ganyen itace ba su bari ba. Abin da muka tsinta bai kai mu tsakiyar rani ba. Maza suka fara tsallakawa Najeriya, wadda tsofaffinmu har lokacin suke kira Ingilishi.

Ina amarya a lokacin, ban cika shekara a ɗaki ba. Mijina Illa ya yi kwaleji a Dutsi, mutuwar mahaifinsa ta mayar da shi gona. Bai taɓa riƙe alli ba, amma duk ƙauye Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, saboda ba a raba shi da rediyo da takarda. Shi ya koya mini karatun Hausa da littattafan soyayya da yake sayowa a kasuwannin Najeriya, irin masu bangon da aka zana budurwa ta yi tagumi. Yakan karanta maganar saurayi, ni in karanta ta budurwa, in na ji kunya in rufe fuska da littafin. Shi kaɗai ne a duniya yake cika sunana, Rabi'atu. Kowa Rabi yake cewa.

Da lokacin tafiya cin rani ya yi, ya ce ba zai tafi ya bar ni ba. Muka bar mahaifiyarsa Gomma, wadda nake kira Inna, don ta rantse ba ta barin gidan mijinta ko da ƙasa za ta ci. Muka sauka a wani ƙauyen fadama wajen Argungu. Shi yana ƙwadago a gonakin shinkafa, ni ina surfe a gidajen mutane. Ba daɗi muke ji ba, amma kullum tukunya tana hawa wuta. A can na gane ina da ciki.

Wata rana ya dawo cin abincin rana, rediyo tana magana. Labarin wata ƙasa ake bayarwa, inda aka hana wani mutum tsayawa takarar shugabanci, wai ba a ƙasar aka haife shi ba. Illa ya kashe rediyon, ya daɗe yana kallon cikina.

"Rabi'atu, gida za ki haihu."

"Wane gida? Gidan da babu ko tiya guda ta hatsi?"

"Kin ji abin da anka ce. Mutum shi yi karatu, jama'a na son shi, ran da ya miƙa hannu a ce mishi, kai ina anka binne cibiyarka? Ni ban zama komi ba. Nan ana ce mini ɗan Faranshi, in na koma gida a ce 'yan Ingilishi sun dawo. Wanga da ke cikinki, ba ni son kowa shi tsaida shi bakin ƙofa."

"To perzidan za ni haifa ke nan?"

"Mi zai hana? Su waɗancan daga sama sunka faɗo?"

Na yi dariya, sai na ga shi ba dariya yake ba. Na yi kuka, na yi magiya. Na ce to mu koma tare. Ya ce in muka koma tare wa zai aiko mana da abin ci? Ga kuma gona tana jiran shuka, Inna ita kaɗai. Ya ce da zarar hatsi ya yi tumu, wato sabon hatsin da ake gasawa a wuta a murje a ci kafin girbi, zan gan shi a bakin ƙofa. Lissafinsa ya nuna a lokacin zan haihu. Gaskiya kuma, ni a wancan zamani duk maganar da ta yi kama da ta littafi ba na iya yi mata gardama. Masoya su rabu don ɗansu ya zama wani abu, ai har daɗi abin ya yi mini a wani lungu na zuciya.

Bawa mai amalanken jaki ne ya ɗauke mu. Mutumin ƙauyenmu ne, yana fatauci tsakanin kasuwannin nan da na can. Illa ya ce zai raka ni har iyaka. Hanyar daji muka bi, babu shinge babu soja, gonaki ne kawai a bushe da sabara nan da can. Mun yi nisa Illa ya fara tambaya.

"Bawa, mun shiga Nijar?"

"Tambayi jakin, Mushe. Shi ke da kartar shaidar ƙasa biyu."

"Da gaske nike."

Bawa ya nuna wata aduwa da bulalarsa. "Tsohona ya ce daga waccan aduwa zuwa yamma Faransa ce. Wasu kuma sun ce sai an wuce rijiya. Ni dai in duwan masu kama kayan fatake sunka tare ni na san inda nike."

Illa bai yarda da aduwa ba, sai da muka wuce rijiyar. A nan ya sauka. Ya gyara mini ƙunshin kayana, wanda littattafai uku ke ciki. Ya so ya faɗi wata magana mai daɗi, na ga bakinsa yana shirya ta, amma idon Bawa yana kanmu. Sai kawai ya ce, "Ki gaida Inna." Na yi ta waiwaye har farar rigarsa ta zama kamar balbela a nesa, sannan zafin rana ya narkar da ita.

Na tarar da ƙauye kamar an share. Maza masu ƙarfi duk sun tafi, sai tsofaffi da mata da yara masu manyan ciki. Karnuka ma sun daina haushi. Inna ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu. Ta dube ni, ta dubi cikina, na faɗa mata dalilin dawowata. Ta tafa hannu.

"Rediyon ga ta gama da yaron nan. Ya raba ki da tuwon shinkafa don sarautar da ko kakanshi bai yi mafarkinta ba. To shigo, uwar perzidan, ga fadarki."

Kwanakinmu iri ɗaya ne. Da asuba mu tafi rijiya, mai zurfin da igiya ke cinye tafin hannu kafin guga ya fito. Daga nan daji, tsinkar anza. 'Ya'yan wani ɗan itace ne masu ɗaci, waɗanda a shekarar ƙoshi ko akuya ba ta kallo. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa, sannan a dafa, duk da haka ɗacin yakan kwana a maƙogwaro. Rana kuwa ba a magana. Iska in ta buso kamar daga bakin tanda take. Da tsakar rana mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a jima ya bushe ƙamas. Yunwa ba ciwo take yi ba kamar yadda na zata. Sanyi-sanyi take zuwa, ta sa kunne ya riƙa ƙara, in mutum ya miƙe duniya ta yi duhu na ɗan lokaci. Abin da ke cikina kuwa bai san ana yunwa ba, harbi yake yi abinsa.

A ƙarƙashin gadon Inna akwai tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin shuka ne. Wata rana ta shigo ta same ni zaune na zuba masa ido.

"Kallo ba shi rage shi," ta ce. "Amma ɗan ja baya kaɗan."

Duk zagayowar kasuwa Bawa yakan tsaya a ƙofarmu da ƙunshin garin rogo, wani lokaci da ɗan ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Babu waya a ƙauyenmu a wancan lokaci. Yau yarinyar nan tana kwance a ɗaki take magana da ƙawarta da ke wata ƙasa, har suna ganin juna. Ni saƙona a bakin Bawa yake zuwa, Bawa kuwa kansa ba ya riƙe irin maganar Illa.

"Ya ce in hwaɗa miki ke ce... wani abu dai na wata. Ko tauraro ne? Akwai hure a ciki. Wallahi har bakin rijiya ina riƙe da ita, jakin ga ya yi tuntuɓe ta zube. Ga gari."

"Bawa, don Allah ka tuna."

"Ya ce kuma kamar ƙishirwa. Ko shi ke jin ƙishirwa, ko ke ce ruwan. Ku dai kun san abinku."

Inna takan yi dariya har ta riƙe ciki. Ni kuwa in kwashi gutsattsarin in shiga ɗaki in harhaɗa. Wata, fure, ƙishirwa. Na san littafin da ya ɗauko su, na san shafin. Da su nake kwana har wata kasuwa.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, bayan wata iska mai rairayi da ta kusa ɗauke jinkar ɗaki. Ƙamshin ƙasa ya tashi, irin wanda ke sa mai ciki ta so ta ɗiba ta ci. Washegari Inna ta fasa lakar tulu. A al'ada namiji ke gaba da sungumi yana sara ramuka, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Babu namiji, sai na ɗauki sungumin Illa. Ƙotarsa ta yi santsi daidai inda hannunsa ke kamawa, ni ma nan na kama. Ina gaba da cikina, tsohuwa tana baya tana zuba iri, tana ƙirga ƙwayoyi da yatsa kamar mai jan carbi.

Hatsi ya tsiro, siriri kore. Sai ruwa ya ɗauke. Muka yi ta duban gabas. Wata iska ta zo da rairayi mai zafi ta yanke tsiron, ta binne saura. Na zauna a tsakiyar gona na yi kukan da ban yi ba tun rabuwarmu a rijiya. Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi mu je gida. Ta ja ni bayan rumbu, ta tone ƙasa, ta fito da wata 'yar tukunya. Ashe rabin irin ta raba ta ɓoye, ko ni ban sani ba.

"Na ga irin kallon da kike yi wa tulu," ta ce.

Shuka ta biyu ta kama. Daga nan sama ta buɗe. Ciyawa ta taso tana tsere da hatsi, tafasa da yaɗiya suka fito, tukunyarmu ta koma kore. Mukan dafa ganye mu barbaɗa masa garin rogo, mu ci, ciki ya cika amma ƙafa ba ƙarfi. Noma da tsohon ciki sai wanda ya yi. In na sunkuya da hauya sai in ji kamar bayana zai rabe biyu. Da ciyawa ta fi ƙarfinmu, Inna ta kira gayya. Ba mu da hurar da za mu ba mutane, su ma sun sani. Tsofaffi da matan da aka bari suka zo da hauyoyinsu, muka jiƙa tsamiya a ƙwarya aka sha. Babu kiɗa, babu kirari, sai ƙarar hauya da tari. Washegari mu ma muka tafi gonar wata.

A tsakiyar gonarmu akwai wani babban gawo. Shi gawo da rani yake ganye, da damana ya zubar. Duniya duk ta yi kore, shi kaɗai yana tsaye fari fat, rassa a sama. A gindinsa nake hutawa.

"Duk itacen Allah ya yi inuwa," in ji Inna, "ke sai ƙarƙashin wanda ya tuɓe."

Ita ta yarda akwai doguwa a cikinsa, ba ta wuce shi sai ta yi sallama. Ni ban san wannan ba. Na dai ga ya yi kama da ni, shi ya sa nake ba shi labarin Illa. A gindinsa na lura da cewa kowane hadari daga gabas yake tasowa, daga wajen da Illa yake. In na ga ya haɗu sai in ce a raina, wannan ya riga ya jiƙa rigarsa, yanzu ni zai zo ya jiƙa.

Littattafan nan uku na karanta su har na haddace. Wata rana aka wuni ana ruwa, itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Na shigo na tarar Inna ta yage ƙarshen ɗaya tana hura wa a murhu.

"Inna! A nan ne fa za su sadu!"

"To sun sadu da wuta. Miƙo tukunya."

Na yi fushi har yamma. Duk da na haddace shi, daga baya kullum sai in ƙirƙiro wa littafin sabon ƙarshe da kaina, kuma kowane ƙarshe na ƙirƙiro, saurayin yakan dawo da farar riga.

Hatsi ya yi ciki, ya fitar da kai. Ni ma na yi nauyi har ba na iya zuwa rijiya. A wannan tsakanin Bawa ya zo. Ya fara keɓewa da Inna a bayan darni, na ɗauka maganar akuyarta ce da take son ya sayar mata. Sannan ya zo inda nake, yana gyaran igiyar jaki.

"Ya ce ki ci abinci, ki bar zuwa gona. Ya ce ko tumu ya yi ba ki gan shi ba, kak ki tada hankalinki, zuciyarshi tana nan wurinki."

Bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Na ce, "Bawa, yau jaki bai zubar ba?" Ya ce yau ya ɗaure ta da kyau. Na yi murna ƙwarai. Ban kula da cewa babu wata ko fure a cikin saƙon ba, ban kula garin ba a irin ƙunshin da Illa ke yi yake ba. Inna kuma tun daga ranar ta riƙa daɗewa a gona, ta dawo idonta ja, ta ce bununin hatsi ne ya shiga.

Ranar da ta karyo tumun farko ta gasa, ƙamshinsa ya cika gida. Wata nawa rabonmu da ƙamshin hatsi. Ta murje ta miƙo mini, na ce zan jira shi. Ta ce, "Ci, ɗiyata. Ba don ke ba, don na cikin." Na ci ina kallon ƙofa. Na ɗauki zangarniya ɗaya na soke a jinkar ɗaki, na ce wannan tasa ce.

Naƙuda ta kama ni da hantsi, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. A ɗakin Illa na durƙusa. Inna ce ungozomar ƙauye, hannunta ya karɓi rabin mutanen garin. Ina jin ruwa yana dukan jinka, ina jin muryarta tana cewa in yi nishi, ni kuwa kunnena yana waje, ko zan ji sallama. Kafin la'asar na ji kuka mai ƙarfi. Inna ta ɗaga jaririn ta duba, sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ga perzidan ɗinku. Mace ce!"

Da ruwa ya tsagaita ta ɗauki mabiyiya ta wanke, ta haƙa rami a bayan ɗakin ta binne. Ina jinta ta cikin zana tana daddanna ƙasa da ƙafa tana magana ita kaɗai. "To, ga ta cikin ƙasar Nijar. Yadda ka so an yi. Wanda ke musu shi zo shi tone."

Ana gobe suna Bawa ya dawo. Bai yi wasa da kowa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da wani abu da aka naɗe a farar riga. Tun kafin ya warware na gane eriyar rediyon. Amai da gudawa ne suka shiga ƙauyen fadama da ruwan damana. Wuni ɗaya da kwana suka yi wa Illa. A can aka binne shi, tun kafin zuwan Bawa na baya. Garin nan Bawa ne ya saya, saƙon ma shi ya ƙirƙira, shi ya sa bai manta ba. Inna ta sani tun ranar. Ta haɗiye mutuwar ɗanta, ta gasa mini tumu, ta karɓi haihuwata, don kada in faɗi da cikin.

Bayan suna na tambayi liman yadda zan fara takaba. Ya sunkuyar da kai ya ce mai ciki takabarta tana ƙarewa ne ranar da ta haihu. Tawa ta fara ban sani ba, ta ƙare ban sani ba. Ko zaman makokin da ake ba kowace mace ban samu ba. Aka yi girbi mai kyau a shekarar, rumbu ya cika. Ina wankan jego ina shan kunun sabon hatsi, zangarniyar nan tana soke a jinka har ta yi baƙi da hayaƙi.

Abu ɗaya na riƙe. Na ce ba a banza muka rabu ba. Ban kasance kusa in ba shi ruwa ba, ban san kabarinsa ba, amma na saya wa 'yarsa abin da ya so. Da wannan na yi renonta, da shi na dawo Dutsi na koyi ɗinki don ta yi makaranta, da shi na binne Inna. Yarinyar ta san mahaifinta ya rasu a cin rani. Sunan Perzidan kuwa ta ɗauka don ƙarfin kukanta ne aka sa mata, ni ma ban taɓa gyara mata ba.

"Mama, lafiya? Kin bar zare ya tsinke."

Tana tsaye a kaina da faifan wake. Na ce ta zauna. Na tambaye ta, abin da ta faɗa wa samarin nan, haka yake a doka? Ta ce haka yake, har ta fara kawo mini bayani da Faransanci. Na ce, ko da a wajen Argungu aka haifi mutum? Ta ce ko a ina ne. Sai na ba ta labarin, tun daga rediyo har zuwa ramin bayan ɗaki. Ban yi kuka ba. Samarin suna ta gardamarsu, sun koma kan ƙwallo.

Ta ajiye faifan waken. Sannan ta kai hannu ta kama leɓen kunnenta tana murzawa. Haka mahaifinta yake yi in zai faɗa mini abin da zai faranta mini rai wanda ba haka yake ba. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma hannun nasa ne sak.

"Ai Mama, wannan da na faɗa sabuwar doka ce. A lokacinku ba haka take ba. A lokacinku dole sai cikin ƙasa anka haifi mutum. Baba ya yi daidai."

Na dube ta. Ita ma bakinta bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba.

"To," na ce, "ashe Mushe ya san abin da yake yi."

"Ya sani mana."

Ta ɗora kanta a cinyata, ƙatuwar budurwa, ni kuma na bar ta da ƙaryarta, yadda aka bar ni da tawa har na sauka lafiya.

Da la'asar hadari ya sake haɗuwa. Wannan karon iskar ta zo da sanyi. Samari suka kwashe butar shayi da gudu. Perzidan ta ja keken ɗinki ɗaki, tana cewa gobe da sassafe sai mu nemi mota zuwa ƙauye, ita za ta riƙe sungumi. Ta ƙwala mini kira in shigo kada in jiƙe.

Na ce ina zuwa. Na tsaya a tsakar gida na fuskanci gabas. Ɗigon farko ya sauka a goshina da ɗumi, kamar ya taɓa wani kafin ya iso. Ta wajensa ya biyo.